Wanda ya faɗa kwatamin gwamnati, wa zai biya shi diyya?

Kowace damina sai an ji wani ya zurma cikin magudanar ruwa da aka bari a buɗe a gefen titi, ya karye a ƙafa ko a ƙugu. A je dubiya, a ce Allah ya kiyaye gaba, magana ta ƙare. Ƙaddara gaskiya ce, amma murfin kwatamin da ya fashe tun bara akwai hukumar da ake ware wa kuɗin gyaransa. Titunan tarayya suna hannun hukumar gyaran tituna ta tarayya, wato FERMA, tun 2002, jihohi ma suna da nasu hukumomin, kamar KARMA a Kano.

Tsarin mulki bai hana talaka maka gwamnati a kotu ba. Abin da ke tare masa hanya shi ne dokar kare jami'an gwamnati da Turawan mulkin mallaka suka bar mana tun 1916. Sashe na 2 ya ce duk mai ƙarar jami'i kan aikinsa, ko kan sakacinsa, ya shigar da ita cikin wata uku. A 1998 kuma Kotun Ƙoli, a shari'ar Ibrahim da hukumar kula da harkokin shari'a ta Jihar Kaduna, ta ce kariyar ta haɗa har da hukumomin kansu. To mutumin da cinyarsa ta karye, wata uku ai yana kwance wurin mai ɗori ko a asibitin ƙashi, iyalansa na fafutukar kuɗin magani. Kafin ya miƙe ya nemi lauya, an rufe ƙofa. In ma ya yi nasara, sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu ya ce ba za a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba sai da yardar Antoni Janar, wato lauyan wanda aka kayar.

Su Ingila da muka kwaikwayo sun soke irin wannan doka tun 1954. Dokar hanyoyinsu ta 1980 ta ɗora wa hukuma nauyin kula da titi da gefensa, sannan ta ba ta mafita: in ta nuna tana dubawa tana gyarawa daidai gwargwado, ba za ta biya ba.

Masu cewa ƙararraki za su cinye baitulmali suna da hujja, ban raina ta ba. Birnin New York na Amurka ya ji jiki har ya shardanta a 1979 cewa sai an taɓa sanar da shi lalacewar wuri a rubuce kafin a kama shi da laifi. Nan gida kuma ba kowane rami ne laifin hukuma ba. Ɓarayin ƙarfe na kwashe murafu, abin da ya kai ga rufe kasuwannin panteka na ɗan lokaci a Abuja, 'yan tireda kuma sun mamaye hanyar masu ƙafa sun turo mutane cikin motoci.

Sai dai waɗannan uzurori ne da ya kamata hukuma ta kawo gaban alƙali da takardunta: yaushe aka sace murfin, yaushe ta sani, me ta yi bayan ta sani? A yanzu ba ta buƙatar amsa ko ɗaya, lauyanta kalanda kawai zai ɗaga. Majalisar Tarayya da majalisun jihohi su cire ƙarar rauni da ta rasa rai daga wa'adin wata uku, su mayar da shi shekara uku kamar yadda yake a Ingila, su kuma wajabta wa hukumomin tituna ajiye rajistar ƙorafe-ƙorafe da kotu za ta iya nema.