Akwatinsa kuka gani, ba ku ga wasa 1,049 ba

Wallahi tun daren Asabar maganar nan take cina. Waɗanda muke zaune tare sun san wanda nake nufi, ba sai na kama suna ba. Mutum bai cika shekara biyu da sauka Kanada ba, ko takalmin ƙanƙara bai taɓa ɗaurawa ba, amma ya buɗe baki ya ce Mike Sillinger, tsohon ɗan wasan hokin ƙanƙara, ɗan gantali ne, wai duk ɗan wasan da ya zaga kulob 12 ai korarsa ake yi. Har da ƙyaƙyata dariya. To sannu da ƙoƙari, shehin malamin hoki.

Ni dai tambayata guda ce. Sau 9 aka yi musanyar Sillinger a NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada. Wa yake karɓarsa a duk sau taran nan? Aljanu? Kowace musanya hannu biyu gare ta, mai bayarwa da mai karɓa. Kai ka tsaya kana ƙirga masu bayarwa, ka manta sau 9 wani manaja ya zauna ya duba ƙungiyarsa, ya ga inda take yoyo, ya ce a nemo masa wannan mutumin, kuma ya ba da wani abu nasa a maimako. Wa ka taɓa gani ya kai tunkiyarsa kasuwa ya musanyo abin da ba ya so?

Matsalar ita ce da idon ƙwallon ƙafa kuke kallon hoki. A ƙwallo sai ɗan wasa ya yarda ya sa hannu kafin ya koma wani kulob. A NHL kuwa, in dai babu sharaɗin hana musanya a kwantiraginka, waya kawai za a buga maka, ka haɗa kaya, ka bar uwargida da neman makarantar yara a sabon gari. A shekarar 2003 rana ɗaya aka musanya shi sau biyu: daga Columbus zuwa Dallas, daga Dallas zuwa Phoenix. Ko rigar Dallas bai saka ba. Wannan shi ne gantalin? Daga Detroit ya fara, ya bi ta Anaheim, Vancouver, Philadelphia, Tampa Bay, Florida, Ottawa, Columbus, Phoenix, St. Louis da Nashville, ya ƙare a New York Islanders. Shi ya sa aka laƙaba masa sunan da ke nufin akwatin tafiya. Sunan ne ya ba ku dariya, na sani.

Yanzu bari mu yi maganar gaskiya, ban da gatse. Wasa 1,049 mutumin nan ya buga a NHL, gasar da a mafi yawan shekarunsa ake yin wasa 82 a kaka guda kafin a shiga zagayen neman kofi, ana bugunka da katangar fili, faifan roba mai tauri kamar dutse yana tashi ta gefen fuskarka. Ya ci ƙwallo 240, maki 548 gaba ɗaya in an haɗa da waɗanda ya taimaka aka ci. Matasa nawa kulob-kulob na NHL suke zaɓa duk shekara da ba sa leƙa ko wasa ɗaya? Shi a 1989 Detroit ta ɗauke shi na 11 a zagayen farko, yana yaro daga ƙungiyar matasa ta Regina Pats inda yake zura ƙwallaye kamar ba gobe. Da ya shigo cikin manya ya ga ba zai zama tauraro ba, sai ya koma ya ƙware a aikin da taurari ba sa so. In alƙalin wasa ya jefa faifai tsakanin mutum biyu, Sillinger na cikin waɗanda suka fi iya fizge shi. In an fitar da ɗan ƙungiyarsu na minti biyu suka rage, shi ake turawa ya tare. Irin wannan mutum kowane koci yake nema idan kaka ta yi nisa, shi ya sa wayarsa ba ta hutawa. Kuma a kakar 2005-06, yana da shekara 34, ya ci 32 tsakanin St. Louis da Nashville, mafi yawa a rayuwarsa. Ɗan gantalin ke nan.

Na san abin da za ku ce: ai bai ɗauki Kofin Stanley ba, wato kofin zakarun NHL. Eh, bai ɗauka ba. Detroit ta ci a 1997 bayan ya bar ta, Tampa Bay ta ci a 2004 bayan ya wuce. Rabo ne, sai me? Kai kofi nawa ne a ɗakinka? Wani kuma ya ce in da yana da kyau da an riƙe shi. Da ba shi da kyau, da tun a kulob na uku an sallame shi ya koma ƙaramar gasa, ba wanda zai sake jin sunansa. Ciwon ƙugu ne ya ajiye shi a 2009, ba rashin mai so ba.

Abin da ya fi ba ni haushi ma, mai wannan maganar shi kansa aiki na huɗu yake yi tun zuwansa ƙasar nan, kuma duk wanda ya tambaye shi sai ya ce ai nema ake yi. Nasa nema ne, na wani gantali.

Af, ɗansa Cole a Columbus aka haife shi a 2003, lokacin uban yana buga musu wasa, kuma Columbus ɗin ce ta zaɓe shi na 12 a 2021. Uba na 11, ɗa na 12. Ni kuwa nawa yaron tun da sanyi ya shigo yake damuna sai na saya masa takalmin ƙanƙara da sanda. Na je shago na ga kuɗin kayan, na lallaɓa na fito. Duk mai na hannu wanda ya yi wa ɗansa kaɗan, lamba 4, don Allah ya yi min magana ta inbox.