Kwanon Hajiya da kwalin Doha

Ranar Talata muna dawowa daga cefane, saura kamar minti goma a sha ruwa, danja ta tsayar da mu a wajen unguwar Al Sadd, a Doha. Wasu samari na bin motoci suna miƙa ƙananan kwalaye. Ɗaya ya ƙwanƙwasa mana gilashi. Maigidana ya ce masa mu Kiristoci ne, ba ma azumi. Yaron ya yi murmushi, ya ƙirga kawunan da ke cikin motar, ya miƙo huɗu. A ciki akwai dabino uku, robar ruwa, da laban, wani nono nasu mai ruwa-ruwa. Muna gaba sai babbar 'yata, mai shekara tara, ta ce, "Mama, to wa za mu mayar wa kwanon?"

Tun ranar nake juya maganar nan a raina.

Wannan ne azuminmu na uku a Katar, kuma ba zan ci amanar ƙasar ba, sun iya tsari. Dokar ƙwadago ta mayar da aiki awa 6 a rana a watan, har da mu da ba ma azumi. Da rana gari kamar an yi shara. Yawancin gidajen abinci a rufe, kuma doka ta hana ci ko sha a bainar jama'a, don haka ruwan yara a jaka nake ɓoye shi sai mun shiga gida. Da magariba ana harba igwa a Suƙ Waƙif, tsohuwar kasuwar Doha, mutane su taru da wayoyi suna ɗauka. Bayan tarawihi kuwa sai ka rantse safiya ce: kantuna a buɗe har tsakar dare, fitilu masu siffar jinjirin wata ko'ina, ƙamshin harisa (alkama ce da nama, a tuƙe har ta yi laushi) da luƙaimat, ƙananan dunƙule-dunƙulen fanke da ake tsoma wa zumar dabino. Daren 14 ga wata suna da Garangawo, yara su ci ado, su rataya jaka a wuya, a zuba musu gyaɗa da alewa. An ce mini tashensu ke nan. Na kai yarana, sun cika jaka, amma a cikin katafaren kanti aka yi, da na'urar sanyaya ɗaki da masu gadi. Wanda ya taɓa ganin yaran unguwar Bolari ta Gwambe da gemun auduga da tumbin tsumma ba zai kira wannan tashe ba.

A Gwambe ba wanda ya rage mana awa, ba wanda ya hana mu shan ruwa. Mamanmu ce ta hana mu cin rake a ƙofar gida, don kunya. Kuma kullum kafin kiran salla ƙaramin ɗan Hajiya maƙwabciyarmu zai shigo da kunun tsamiya da ƙosai a langa. Kwano ba ya komawa wayam. Ko lemo, ko ƙwai, ko kankana, sai an sa wani abu. Kirsimeti ta zo, shinkafarmu ta tsallaka katanga, da kazar da Malam ya yanka mana da hannunsa don kowa ya ci hankali kwance.

Na san wani zai tuna mini da rikicin Billiri a 2021. Ban manta ba, dangina na can. Amma ko a makon nan da ake zaman ɗar-ɗar, kwanon Hajiya bai daina zagayawa tsakanin gidajenmu ba.

A nan shekara uku muna bene ɗaya da mutane, ban san sunan matar da ke ƙofa da ƙofa da ni ba. Majami'unmu duka an tara su wuri guda a Mesaimir, mu je ranar Juma'a mu dawo. Ba wanda ya taɓa yi mana kallon banza. Ba kuma wanda ya taɓa leƙowa ya ce ina kwana.

Daren nan na kira Hajiya. Ta tsufa, sai na ɗaga murya. Ta ce, "'Yar nan, tun da Mamanku ta rasu gidan naku 'yan haya ne a ciki, ban ma san su ba." Ta ce langar nan mai murfin fure tana wajenta, wai tamu ce, ita ta ƙarshe da aka kawo, in na zo in karɓa.