Suna yaƙinsu a intanet, ni ina gasuwa a ƙofar banki

Tun bayan sallar asuba na hau kabu-kabu daga unguwar Garin Malam ta Damagaram zuwa banki, takardar maganin maiɗakina na cikin aljihu, jaka goma sha biyu kawai nake nema daga kuɗin fanshona. Sai da rana ta take tsaka layi ya kawo kaina. Na miƙa takarda. Yaron da ke bayan gilashi bai ko ɗago kai ba, yatsansa na kan waya.

"Babu rezo."

Na ce, "Ɗana, tun safe muke nan, me ya faru?"

Ya ja tsaki. Ya gama abin da yake rubutawa, ya ajiye wayar a hankali, sannan ya dube ni daga hula har takalmi. "Baba, an ce 'yan kutse ne suka toshe mu. Ko kai za ka gyara?"

Na ce marar lafiya na bari kwance a gida. Ya tura mini takardata da bayan biro, kamar mai ture ƙuda. "Kowa ma da marar lafiyarsa. Matsa, Baba." Bai ce yi haƙuri ba. Shekara talatin ina riƙe da alli, na koyar da sa'o'in ubansa, yau ni ake cewa in matsa!

To a ce gaskiya ya faɗa. Su waɗannan masu kutsen da ke kiran kansu masu kishin ƙasa, wa suke yaƙa? Aikinsu dai su tara dubban kwamfutocin mutane da suka kame, su tura su ƙofar banki lokaci guda har ta cushe, kamar a kora garken shanu cikin lungun Birni. Haka aka yi wa Estoniya a 2007 saboda an ɗauke gunkin sojan Sobiyet daga tsakiyar birnin Talin, bankuna da shafukan gwamnati suka yi makonni suna shan wuya. Haka Jojiya a 2008 lokacin yaƙinta da Rasha. A Yukiren, ranar 15 ga Fabrairu 2022, kwana tara kafin sojojin Rasha su afka, aka durƙusar da bankunan PrivatBank da Oschadbank. Wa ya tsaya gaban injin kuɗi hannu wofi ranar? Janar? Minista? Tsohuwa ce mai neman kuɗin burodi. Ko a Agusta 2023, da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ke barazanar kawo mana yaƙi a Nijar, masu kiran kansu Anonymous Sudan sun ce sun kai wa MTN ta Najeriya hari wai don mu. Ni ban aike su ba. Wanda ya sha wahalar ɗan'uwana ne na Daura ko Kano, mai sayar da kati a bakin titi.

Amma babban haushina yana gida. Mun sha takunkumi tun daga juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har Fabrairu 2024, an yanke mana kuran, wato wutar lantarki, kuɗinka na banki ana tsakuro maka shi kamar sadaka. Hukuma ta ga wannan duka da idonta. Me ta tanada? An tilasta mana karɓar albashi da fansho ta banki, an ce ci gaba ne, amma ranar da na'ura ta mutu babu littafi, babu wata hanya, babu ko mai fitowa ya yi wa jama'a bayani. Damagaram da ta saba da bin layin ruwa da jarka, yanzu an ƙara mata layin kuɗinta na halak! Mu ma jama'a da laifinmu, mutum ɗari a tsaye, an wulaƙanta tsoho a gabansu, kowa ya sunkuyar da kai don kada a mayar da shi baya.

Maganin dai bashi na ci wajen wani tsohon ɗalibina a Kasuwar Dole na saya rabi. Gobe da asuba zan koma layin.