Tsibiri gidan mutane ne kafin ya zama wurin hutunka

Jama'a, tun da na dawo ake ta bina da "ina hotuna?" Suna nan, zan saka. Farin yashi, bishiyar kwakwa ta sunkuya kan ruwa, teku garai-garai har kana ƙirga yatsun ƙafarka a ƙasa. Hoton bai yi ƙarya ba. Amma akwai maganar da ke cina tun ina can, ku bari in fara sauke ta.

Tsibirin da na sauka yana ƙasar Maldibs ne, a Tekun Indiya. Ɗan ƙarami ne ƙwarai. Bayan sallar asuba na kama bakin ruwa da ƙafa, kafin rana ta yi zafi na dawo inda na tashi. Ƙasar tana da tsibirai kusan 1,200, wajen 200 ne kawai ake zaune a cikinsu, kuma yawancinsu da mita ɗaya da 'yan kai suka ɗara teku tsawo. Ba tsauni, ba kogi. Wannan rashin kogin shi ne abin da ban taɓa kawowa a raina ba sai da na je.

Kwana biyu da zuwana, mai masaukina ya zagaya da ni bayan ɗakin girki, ya nuna mini wani baƙin tanki da bututu ya sauko masa daga rufin gida. Ya dunƙule hannu ya riƙa ƙwanƙwasa shi daga sama yana yin ƙasa, kunnensa a jikin tankin. Inda ƙarar ta sauya, nan ruwan ya tsaya. Bai kai rabi ba. Bai ce mini uffan a kan wankana ba, mutumin kirki ne mai kawaici, amma ni na san sau uku na sakar wa kaina ruwa a ranar, duk fitowa daga teku sai na yi. Jikina ya yi sanyi.

Ga yadda abin yake. A irin waɗannan tsibirai, ruwan saman da yashi ya shanye yana taruwa a ƙarƙashin ƙasa ya zauna a kan ruwan gishiri, don ruwan gishiri ya fi shi nauyi. Ɗan siriri ne. Aka matsa masa da ɗiba, gishiri ya taso, rijiya ta tashi daga aiki. Igiyar tsunami ta 2004 ta lalata rijiyoyi da dama ta haka. Sauran abin dogaro shi ne injin tace ruwan teku, shi kuma wuta yake ci, wutar kuma daga man da jirgin ruwa ke kawowa. A Disambar 2014 gobara ta tashi a matatar ruwan Male, babban birnin ƙasar, mutum sama da 100,000 suka wayi gari famfo ya ƙafe, sai da Indiya da Sin da Siri Lanka suka kawo ɗaukin ruwan sha. Ƙasa teku ya kewaye ta ko'ina, amma ana jiran ruwa daga jirgin sama!

Sai shara. Kowane tsibiri yana da fuskar da ake ɗauka a hoto, yana kuma da ƙeya. Na je ƙeyar. Robobin ruwa, silifa wari guda, tsummokin raga. A nan na durƙusa ina kallon wata 'yar kaguwa, irin wadda ke aron kwanson katantanwar teku ta shige ciki, sai ga shi jan murfin kwalba take ja a bayanta, ƙafafunta na leƙowa ta ƙasa. Na daɗe ban tashi ba. Wurin da za ka zagaye cikin rabin awa, ina zai kai sharar baƙin da ke sauka kullum? Maldibs tsibiri sukutum ta ware don juji, Thilafushi, kusa da Male, tun 1992. A Filifin sai da gwamnati ta rufe tsibirin Borakai wata shida a 2018 saboda ƙazantar da ke kwarara cikin teku. A shekarar ce Tailan ta rufe gaɓar Maya, ba a sake buɗewa ba sai 2022.

Farin yashin nan ma da muke mutuwar so, daga murjani yake. Murjani halitta ce mai rai, a hankali take girma, shekara da shekaru. Akwai kifi mai baki irin na aku da ke gwaguyar sa ya fitar da shi gari, in ka nutsa kanka cikin ruwa har ƙarar gwaguyar za ka ji, ƙaras-ƙaras. Murjanin ne kuma ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gidajen mutane. Ɗumamar teku ta kashe shi da yawa a 1998 da 2016. Ba banza ba shugaban ƙasar na lokacin, Mohamed Nasheed, ya yi zaman majalisar ministocinsa a ƙarƙashin ruwa a 2009, don duniya ta waiwayo. To a kan murjanin da ya tsira ne na ga wani baƙo ya hau ya tsaya da ƙafa biyu ana ɗaukar sa hoto. Raina ya ɓaci sosai.

Kar wani ya ce ina hana tafiya. Ku je, wallahi ku je. Tun da aka buɗe otal na farko a 1972, yawon buɗe ido ne ke riƙe da ƙasar, ranar da baƙi suka ɗauke ƙafa gidaje da yawa za su ji a jikinsu. Abin da nake roƙo shi ne mu shiga da sallama. Ni dai na fi son masauki a tsibirin da mutane ke zaune, inda kuɗinka zai faɗa hannun mai kwalekwale da mai shago, a kan otal ɗin da ya mallake tsibiri shi kaɗai, ka yi mako ba ka gaisa da kowa ba sai mai kawo maka tawul. Ka zauna wuri ɗaya ka san shi. Ka tafi da gorarka ta ruwa. Ka tambayi inda aka keɓe don wanka da irin shigar da mutanen garin suka yarda da ita, yaransu a bakin ruwan nan suke wasa. Robar da ka zo da ita, ka koma da ita a jaka.

Daren da zan taso aka yi ruwa. Ina kwance na ji motsi a tsakar gida, na leƙa ta taga. Mai masaukin ne da ɗansa, da tocila, sun jiƙe sharkaf. Sun bar ruwan farko ya wanke ƙurar rufi ya zube ƙasa, sannan yaron ya ɗaga bututun da hannu biyu ya zura shi a bakin tanki. Uban ya kara kunne yana sauraren ruwan na shiga.