An bar jaki ana dukan taiki: dokar gasa da ɗan POS

Ƙa'idojin da Babban Bankin Najeriya ya fitar a watan Oktoban 2025 sun ce kowane mai POS ya zaɓi kamfani ɗaya ya tsaya a kansa, aka kuma sa Afrilun 2026 ya zama lokacin fara aiki da wannan sharaɗi. Kafin nan, a watan Agusta, an ba da umarni a kafe kowace na'ura a wurin da aka yi mata rajista, kada ta gusa fiye da mita 10. Tun Disambar 2024 kuma aka yanka masa abin da zai fitar a rana, naira miliyan 1.2, mutum ɗaya kada a ba shi sama da dubu 100. To a taya ni dubawa. Wanda aka ɗaure da ubangida ɗaya, aka kafe shi wuri ɗaya, aka ƙayyade masa ciniki, ɗan kasuwa ne mai cin gashin kansa, ko yaron kamfani ne da ba a ba shi albashi?

A wurin Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Sayayya, FCCPC, amsar ta fito tun Yulin 2023. Gab da lokacin ne reshen Legas na ƙungiyar masu POS, AMMBAN, ya fitar da jadawalin caji na bai ɗaya, makonni kaɗan bayan cire tallafin mai, kuma kafin mutane su gama farfaɗowa daga wahalar canjin kuɗi. Hukumar, ƙarƙashin Babatunde Irukera, ba ta ɓata lokaci ba. Ta ce wannan haɗin baki ne kan farashi, ta umarce su da su daina, ta yi barazanar tara da ɗauri. A idon sashe na 59 na dokar gasa da Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, matashin da ke zaune ƙarƙashin laima da teburi da 'yar jaka a ƙugu matsayinsa ɗaya da kamfanin da ke da hannun jari a kasuwar Legas.

Ba kare wancan jadawali nake yi ba, don talaka ne zai biya. Abin da hukumar ba ta tambaya ba shi ne dalilin da ya sa suka juyo kan kwastoma. Ku tsaya minti goma a rumfar POS a Kasuwar Kurmi ko tashar Kawo. Tsabar kuɗin da yake ba ku, sau da yawa saye ya yi daga gidan mai ko wurin 'yan kasuwa, don banki ba ya ba shi isasshe. Kamfani na cire nasa a kowane ciniki. Idan sabis ya ɗauke aka zare wa mutum kuɗi bai samu ba, shi ake riƙe wa wuyan riga, kamfanin kuwa yana can cikin waya yana cewa a jira. Idan aka yi masa alat na bogi, asararsa ce shi kaɗai. Da can yana ajiye na'ura biyu ko uku don in ɗaya ta ƙi ɗaya ta yi, yanzu wannan dabarar ma an hana. Shi ɗaya ba zai iya ce wa Moniepoint ko OPay ko banki su rage abin da suke cirewa ba. Mutumin da aka toshe masa ƙofar sama, ƙasa zai danna.

Ƙofar saman kuwa dokar ce ta bar ta a rufe. Sashe na 68 ya keɓe ma'aikata: su haɗa kai su kare kansu, su yi ciniki da masu ɗaukarsu aiki kan albashi da sharuɗɗa, dokar gasa ba ruwanta. Madalla. Sai dai kalmar da aka yi amfani da ita ta ma'aikacin da aka ɗauka aiki ce, a ƙasar da alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ke nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki ba su cikin tsarin albashi da takardar ɗauka. Wato an yi rumfa ga ma'aikacin banki da malamin jami'a, waɗanda dama suna da ƙungiya da lauya, an bar ɗan adaidaita da ɗan dako da ɗan ga-ruwa a rana.

Sai a dubi yadda manya ke yi. A Fabrairun 2024 Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da wakilan Dangote da BUA da Lafarge a Abuja, aka fito aka sanar cewa buhun siminti zai tsaya tsakanin naira 7,000 zuwa 8,000. Kamfanoni uku da ke riƙe da kusan dukan kasuwar, ɗaki ɗaya, farashi ɗaya, aka kira shi maslaha. Kamfanonin waya kuma ta bakin ƙungiyoyinsu, ALTON da ATCON, sun yi ta neman ƙari da murya ɗaya har Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Ban ce sun karya doka ba. Abin da nake cewa shi ne su suna da ɗakin zama, suna da kujera, har da shayi. Masu cewa ai FCCPC ta ci Meta, kamfanin Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a 2024 su riƙe tafinsu, wannan bai buɗe wa ɗan POS ko taga ba.

Wannan cuta tsohuwa ce. Amurka ta yi dokar Sherman a 1890 don ta karya ƙashin bayan manyan kamfanonin mai da jirgin ƙasa, sai ga shi an wasa ta a wuyan ƙungiyoyin ƙwadago. A 1908 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa dokar ta hau kan masu ɗinkin hula na garin Danbury da suka kira a ƙaurace wa kayan wani kamfani, daga ƙarshe aka ɗora musu diyyar sama da dala 250,000, har gidajensu suka shiga haɗari. Sai a 1914 majalisa ta rubuta a dokar Clayton cewa aikin ɗan Adam ba haja ba ne. Mun kwafo dokar gasa daga waje, amma ba mu kwafo darasin da su suka biya da tsada ba.

Turai ta fi ba mu abin dubawa, domin a can rigimar ta haɗa da walwalar jama'a. A Holan, ma'aikatan masaƙu da masu kamfanoni sun yi yarjejeniyar asusun fansho ɗaya wanda dole kowane kamfani a sana'ar ya zuba. Kamfanin Albany ya ƙi, ya ce wannan danne gasa ne, a bar shi ya nemi inshora inda ya ga dama. A 1999 Kotun Tarayyar Turai ta ce a'a. Yarjejeniyar ma'aikata kan sharuɗɗan aiki tana wajen dokar gasa, kuma idan aka bar kamfanoni masu matasa lafiyayyu suka fice, asusun zai rage da tsofaffi da marasa lafiya, ya durƙushe. Tun 1993, a wata shari'a daga Faransa, kotun ta riga ta ce asusun inshorar jama'a da aka gina kan mai ƙarfi ya ɗauki marar ƙarfi ba kamfani ba ne. Su ma sun yi tuntuɓe: a 2004 hukumar gasa ta Ayalan ta hana masu sa murya a tallace-tallace yin ciniki a ƙungiyance, sai a 2017 aka gyara doka. A Satumban 2022 kuma Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da ƙa'ida cewa ba za ta bi mai zaman kansa da dokar gasa ba idan ya haɗa kai da 'yan uwansa don ciniki da kamfanin da aƙalla rabin samunsa ke fitowa daga gare shi, ko da manhajar da ke ba shi aiki. A auna ɗan POS ɗinmu da wannan ma'auni, shi da duk samunsa zai koma fitowa ta ƙofa ɗaya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne karatun da ake maimaita mana, wai a bar gasa ta sauke farashi. Gasa tsakanin wa da wa? A ƙauyen da ba reshen banki, mai POS shi ne bankin, ta hannunsa tsohuwa ke karɓar abin da ɗanta ya turo daga Legas. A unguwar da famfo ya shekara bai kawo ba, ɗan ga-ruwa shi ne hukumar ruwa. Ayyukan da gwamnati ta yar ne suka ɗauka. Kuɗin ƙungiya da suke tarawa kuwa shi ne kuɗin asibitin wanda ya yi hatsari, shi ne abin da ake kai wa iyalin wanda ya rasu. A ce su yi ta karya wa juna farashi har mai rauni ya faɗi, to wa zai tura kurar ruwan gobe? Ƙungiyar da ke tare hanya da gora tana hana manomi shiga kasuwa, wannan aikin 'yan sanda ne, kada a fake da ita a shafa wa kowa baƙin fenti.

Direbobin Uber da Bolt ma suna cikin wannan rami. Kamfanonin na cewa direbobin 'yan kasuwa ne masu zaman kansu. To idan haka ne, ta yaya manhaja ɗaya ke yanka wa dubban 'yan kasuwa farashi ɗaya ba a kira shi haɗin baki ba? Ƙungiyar direbobin, AUATON, ta samu rajista, ta yi yajin aiki a Yunin 2023 kan ƙarin kuɗin hawa da rage kamasho, amma a takarda har yanzu ba ma'aikatan kowa ba ne.

Gyaran ba ya buƙatar kwamiti. Majalisa ta faɗaɗa sashe na 68 ya rufe duk wanda ƙarfinsa kawai yake sayarwa kuma cinsa ya rataya a kan kamfani ɗaya. Kafin nan, dokar ta ba FCCPC ikon ɗaga wa wasu yarjejeniyoyi ƙafa idan amfaninsu ya bayyana, sai Tunji Bello, wanda ya zama shugaban hukumar a 2024, ya yi aiki da shi. Shi da ya iya ba 'yan kasuwa wa'adin wata guda a Agustan 2024 su sauke farashi, bai kamata ya gagara kiran kamfanonin POS da Babban Banki da AMMBAN su zauna kan kamasho, da mayar da kuɗin da ya maƙale, da wanda zai ɗauki asarar alat na bogi ba.