Zafin Daga Allah Yake, Amma Wa Ya Sare Darbejiyar?

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa.

Bari in fara da tona wa kaina asiri, kada wani ya ce malam ya hau Facebook yana wanke kansa yana shafa wa mutane baƙi. A ƙofar gidanmu a cikin birnin Zariya akwai wata tsohuwar darbejiya da mahaifinmu, Allah Ya ji ƙansa, ya dasa tun ba a haife ni ba. A gindinta ake shimfiɗa tabarma bayan azahar, nan masu tallan fura ke sauke ƙwarya su huta, nan almajirai ke jiran a miƙo musu ɗan saura. Da ya rasu, ni da bakina na kawo shawarar a sare ta a fitar da shaguna biyu. Goggonmu ta ce, "Ɗan nan, inuwar nan tarar da ita ka yi, ka bar wa na bayanka." Na ce, "Goggo, inuwa ba ta biyan kuɗin makaranta." Mai inji ya zo da hantsi, kafin a kira azahar ta koma guntaye, masu itace suka loda a kura. Shagunan suna nan, bulo da siminti, rufin kwano. Daga watan Maris har faɗuwar ruwa ɗakin da ke bayansu ba ya shiguwa da rana, da dare kuma bango ya yi ta amayar da zafin da ya wuni yana sha. A ɗakin nan Goggo take kwana. Ba ta taɓa yi mini gori ba, sai dai in na shiga gaishe ta in tarar ta jiƙa zani ta lulluɓa, mafici a hannu.

Abin da ya taso da maganar shi ne wata gardama da aka yi a majalisarmu bayan la'asar. Ana kukan zafi, sai wani matashi da ke karatu a Samaru ya ce ɗumamar yanayi ce. Wani dattijo ya katse shi: "Kai yaro, bar mu da zancen Turawa. Zafi da sanyi duk na Allah ne. Ai Manzon Allah ya ce tsananin zafi daga hucin Jahannama yake." Yaron ya yi 'yar dariyar da ba ta dace a yi wa babba ba, dattijon ya ɗauki buta ya tashi. Kowa ya tafi da abin da ya zo da shi.

Baba, wato dattijon nan, bai yi ƙarya ba. Hadisin ingantacce ne, Bukhari da Muslim duk sun ruwaito shi. Sai dai rabinsa ya kawo. Farkonsa umarni ne: idan zafi ya tsananta, ku jinkirta sallah har gari ya ɗan yi sanyi. Wato a cikin hadisin da ya faɗa mana asalin zafi a ɓoye, a cikinsa aka ce mu ɗauki mataki, har aka matsar da lokacin azahar saboda lafiyar masallata. Kuma kun san abin da ya faru lokacin da Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara, ya ce a juya. Abu Ubaida ya ce, "Gudun ƙaddarar Allah za mu yi?" Umar ya ce, "I, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah." Babu Musulmin da ke jayayya cewa Allah ne Mai juya rana da iska da girgije. Amma Shi ne kuma Ya sanya wa kowane abu sababi, Ya kuma faɗa a Suratur Rum, aya ta 41, cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata, domin Ya ɗanɗana musu sashen abin da suka yi, ko sa dawo. Malaman tafsiri sun fassara ɓarnar da fari da ƙarancin albarka sakamakon saɓo. Ba na cewa ayar ta sauka a kan hayaƙin mota. Abin da nake cewa, wanda ya yarda hannun ɗan Adam na iya jawo ɓarna a tudu da teku, ba shi da dalilin toshe kunne in an zo an nuna masa ta wace hanya.

Hanyar kuwa ba ta da wuyar ganewa. Rana tana dukan ƙasa, ƙasa ta ɗau zafi ta mayar da shi sama. Cikin rahamarSa Allah Ya sanya wasu iskoki a sararin sama, daga ciki har da iskar kabon, suna tare wani kaso na zafin kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Ba don su ba da duniya ta daskare. Matsalar ita ce bargon ne ake ta ƙara wa kauri. Duk lokacin da aka ƙona kwal ko fetur ko gas, ko aka cinna wa daji wuta, iskar kabon ce ke tashi, kuma ba ta watsewa da wuri, tana iya ɗaukar ɗaruruwan shekaru. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowane kashi miliyan ɗaya na iska, kusan 280 ne na kabon. Da aka fara aunawa kullum a kan wani dutse a tsibirin Hawai a 1958, an sami kimanin 315. Yanzu an haura 420. Ba kuma jiya aka gano haɗarin ba: tun 1896 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya yi lissafin cewa ƙaruwar wannan iska za ta ɗumama duniya. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, ta ɗara zamanin kafin masana'antu da kusan digiri ɗaya da rabi.

Na san wani zai ce digiri ɗaya da rabi ai ba komai ba ne. Taɓa goshin ɗanka ranar da zafin jikinsa ya tashi daga 37 zuwa 38 da rabi, sannan ka maimaita. Wani kuma ya ce, ina ɗumamar, ga shi da hunturu sai mun hura wuta a tsakar gida kafin mu iya alwala? Sanyin mako biyu a Janairu ba ya rushe lissafin shekara hamsin, kamar yadda cinikin rana ɗaya a kasuwar Sabon Gari ba ya nuna ko ɗan kasuwa na ci gaba ne ko jarinsa na karyewa. Littafinsa ake dubawa.

Hujjar da ta fi ƙarfi a bakin dattawa ita ce: an yi fari tun babu mota. Gaskiya ne. Kakanninmu sun ga yunwar Kakalaba wajen 1914, iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984. Ƙasarmu dama ƙasar shekara mai kyau ce da shekara mai wuya. Sabon abin shi ne an ɗaga ma'aunin gaba ɗaya, zafin da a da sai jefi-jefi yanzu ya zama ɗan gida. Ku tuna azumin 2024. A farkon Afrilu, cikin goman ƙarshe, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48 da rabi. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki, a aikin Hajji, zafi ya kusa 52 a Makka, mahajjata fiye da 1,300 suka rasu. Allah Ya karɓi baƙuncinsu. Ga wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba: iska mai zafi ta fi ɗaukar danshi, kowane digiri ɗaya na ƙara mata kusan kashi 7 cikin ɗari. Shi ya sa abu ɗaya ke haifar da masifa biyu masu kama da kishiyoyi. Ƙasa ta bushe da wuri, shuka ta yi yaushi tana jiran ruwa, in kuma ya tashi zuwa ya zubo na mako guda cikin awa uku. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye babban sashe na Maiduguri.

Yanzu bari in yi adalci, don addini bai yarda a ɗora wa mutum kayan da ba nasa ba. Darbejiyar da na sare ba ita ta ɗumama duniya ba. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa a shekara. Masu kaso mafi tsoka su ne Sin da Amurka da Turai da sauran masu manyan masana'antu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 2009 a Kofanhagin suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara ga ƙasashe matalauta kafin 2020, ba su cika ba sai 2022. A 2015 aka ƙulla yarjejeniyar Faris a kan kada ɗumamar ta kai digiri biyu, a yi ƙoƙarin tsayar da ita a ɗaya da rabi. Amurka ta fice, ta dawo, a Janairun 2025 Trump ya sake sa hannu a fice. Saboda haka wanda yake zargin manyan ƙasashe da baki biyu yana da hujja. Haka nan ban ga dalilin da za a tsare matar da ke hura kurfoti da wa'azin gawayi ba, alhali tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya yi tashin gwauron zabo, cika tukunyar gas ya gagari gidaje da dama. In ana neman wanda za a tambaya, a fara da mai loda tirelar gawayi daga daji ba tare da ya dasa ko tsinke ba, da wanda ya sa masa hannu, da masu ƙona gas a banza dare da rana a yankin Neja Dalta.

To amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ba Bature ne ya zo ya cike kududdufan cikin birni da shara aka yanka filaye aka sayar ba. Waɗannan ramuka da magabata suka haƙa suka yi gini da ƙasarsu, su ne tulunan da ke shanye ruwan marka. Mun cike su, mun yi gini a kan hanyar ruwa, mun toshe kwata da ledar fiya wata, sannan in ruwa ya shigo ɗaka cikin dare mu ce ƙaddara. Je ka tsaya a kan gadar Kubanni ka leƙa abin da muke zuba mata. Garin da ke da unguwanni masu suna Rimin Tsiwa da Rimin Doko, garin da matafiyi ke hango rimayensa kafin ya hango ganuwa, yau yaro na iya tashi a sabuwar unguwa ya girma bai taɓa tsintar audugar rimi ba. Zafin duniya ba a hannunmu yake ba, amma bambancin da ke tsakanin layin da ke da inuwa da layin da babu komai sai kwano da siminti, wannan kowa ya taɓa takawa da rana tsaka ya san shi a tafin ƙafarsa. Sayyidina Abubakar, da yake sallamar rundunar da za ta Sham, cikin wasiyyarsa har da kada su sare itace mai 'ya'ya. A fagen yaƙi ke nan, a ƙasar abokan gaba. Ni kuwa a ƙofar gidan ubana na yi, lafiya lau, don kuɗin haya.

Ga manomanmu kuma, ina tuna muku Annabi Yusuf, alaihis salam. Da aka sanar da shi shekaru bakwai na fari na tafe, bai ce a zauna a jira ba. Cewa ya yi a yi noma, a bar hatsi a zangarniyarsa a ajiye. Allah Ya yi mana gata da mutane da yawa ba su da shi: cibiyar binciken aikin gona ta IAR tana nan Samaru, a bayan gidanmu, tana fitar da irin masara da dawa da wake, ciki har da masu nuna da wuri da masu jure ƙarancin ruwa. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, kuma duk farkon shekara tana fitar da hasashen lokacin faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa. Hasashe ne, yana iya kuskure, kuma sauraronsa ba duba ba ne, kamar yadda ganin hadari ya haɗo daga gabas ka kwashe shanya ba da'awar sanin gaibu ba ce. Mutum ya yi ta binne iri a ruwan farko yana ƙonewa shekara da shekaru, da taki a wannan tsadar, don kawai haka ya ga ana yi, wannan ba tawakkali ba ne. Limamanmu ma ina roƙonsu, in an fita roƙon ruwa, a haɗa wa mutane da huɗubar yashe kwata da barin itatuwa. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga gare shi, face an rubuta masa sadaka.

Shi kuma matashin nan na same shi daga baya na ce, ilimin da ka ɗebo a Samaru ba lasisin yi wa sa'an kakanka dariya ba ne. Ka je ka ba shi haƙuri, ka tambaye shi yadda damina take a ƙuruciyarsa, wane wata ake shuka, wane rafi ne ba ya ƙafewa. Abin da zai gaya maka shi malamanku ke yawo ƙauye-ƙauye suna nema. Ya je. Na hango su jiya a kan benci ɗaya, Baba yana ta nuni da sanda wajen dutsen Kufena.

Ni dai daminar da ta wuce na sayo dashe uku, darbejiya biyu da mangwaro ɗaya, na sa a ɗan filin da ya rage gefen shagunan. Akuyar maƙwabta ta cinye mangwaron tun bai yi mako ba, don ban kewaye shi ba. Biyun na zagaye su da tsofaffin bulo da ƙaya, ruwan alwalar gidan gaba ɗaya a gindinsu yake ƙarewa. Ɗaya ta kai ƙuguna. Goggo ta sa an fito da ita ta gani, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in ƙara ƙaya ta ɓangaren titi.