Kod ɗin da inji ya rubuta ma yana tsufa

Akwai wani sakaci da ya zama ruwan dare a tsakanin masu haɗa manhajoji, shi ne ɗauka cewa kod, wato rubutaccen umarnin da kwamfuta ke bi, da wata manhaja ta samar da kanta ba ya buƙatar kulawa, tun da ba hannun mutum ne ya rubuta shi ba. Ni a ganina shi ne ma ya fi buƙatar sa ido, domin ba kasafai ake karanta shi ba sai ranar da ya tsaya cak.

A watan Yunin 2018 aka fitar da siga ta 3.7 ta Python, yaren rubuta manhajoji, inda kalmomin async da await suka zama keɓaɓɓu ga yaren, wato aka daina yarda a raɗa wa wani abu sunansu. Kafin nan manhajar Swagger Codegen, wadda inji ce mai samar da kod, ta daɗe tana fitar da kod mai amfani da async a matsayin suna, kuma da irin wannan kod aka gina ɗakin karatun Python na Kubernetes, wato tarin kod da shirye-shirye ke amfani da shi don aiki da Kubernetes, tsarin tafiyar da manhajoji a kan kwamfutoci masu yawa. Duk wanda ya ɗaga sigar yarensa sai ya tarar shirinsa ya ƙi ko da tashi, alhali bai taɓa layi ɗaya ba. Maganin da aka yi shi ne sauya sunan zuwa async_req a wurin da ake samar da kod ɗin, kuma wannan shi ne daidai, domin idan abin buga bulo ya karkace, ɓata lokaci ne a bi bulo ɗaya-ɗaya ana sassaƙewa.

Haka aka sake gani a watan Mayun 2022, lokacin da protobuf 4.21 na Google, tsarin shirya bayanai don musaya tsakanin manhajoji, ya ƙi karɓar fayilolin da aka samar da protoc, injinsa mai samar da kod, mai sigar ƙasa da 3.19. Waɗanda suka adana fayilolinsu na asali masu ƙarshen .proto sun sake samar da kod ɗin suka ci gaba da aiki. Waɗanda kuwa sakamakon kawai suke riƙe da shi, ko kuma suka riga suka yi masa kwaskwarima da hannu, dole suka koma siga ta 3.20 ta protobuf suka maƙale a can.

Nauyi mafi girma yana wuyan masu ƙera waɗannan injinan. Wajibi ne su bayyana ƙarara tsohuwar sigar da suka yi alkawarin tallafa wa, su guji sabon salon rubutu irin match da ya shigo a Python 3.10 matuƙar alkawarinsu ya shafi masu 3.9, sannan su gwada abin da injin ya fitar a kan kowace siga, har da wadda ke matakin gwaji. Mu kuma masu amfani, mu rubuta sigar injin a saman kowane fayil, mu ajiye tushen tare da umarnin sake samarwa a ma'ajiya ɗaya, yadda wanda zai gaji aikin zai iya sabunta shi da umarni guda.